Bangaskiya da Aiki: Wanne Ke Gaba?

Mai Tambaya:
Salama gare ku, 'yan'uwa masu bin Yesu,
Ga wata magana ta tsaya mini a zuciya.
Bulus ya ce wa Afisawa ceto kyauta ne,
Alheri ne, ana karɓa ta wurin bangaskiya.
Yaƙub ya ce in ba aiki matacciya ce,
Wa zan bi cikinsu, tunda kowa na kan gaskiya?

Dattijo:
Ɗana, buɗe Luka 23 ka dubi ɓarawo,
Yana rataye, ba halin miƙa sadaka ko ɗaya.
"Ka tuna da ni" kaɗai ya roƙa a kan gicciye,
Aka ba shi Firdausi a ranar, ba jayayya.
Wane aiki ya yi da ya sayi wannan?
Lissafa mini shi, ɗana, in har ka iya.

'Yar'uwa:
Baba, a gafarce ni, ban ƙi ta taka ba,
Amma sa'o'i kaɗan suka rage masa a duniya.
A cikinsu ma ya tsawata wa mai zagin Ubangiji,
Ya shaida ba Shi da laifi, ba tsoro ba ja da baya.
Aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne, in ji Yaƙub,
Har rawar jiki suke, amma sun ƙi sauya hanya.
A Matiyu 25 me Sarki zai tambaya?
Wa ka ciyar, wa ka tufatar, wa ka duba a rashin lafiya.

Ɗalibi:
Gardamar nan ta girme mu, ta raba ikkilisiya,
Martin Luther, malamin Kirista, ya tashi a Jamus a 1517, aka ja tsayayya.
A 1522 ya kira wasiƙar Yaƙub ta ciyawa,
Nan kam, a ganina, malam ya zarce iyaka gaba ɗaya.
Majalisar Katolika a Trent ta mayar da martani a 1547,
Sai 1999 a Augsburg aka sa hannu kan yarjejeniya:
Katolika da Lutheran suka ce alheri ne kaɗai,
Ruhu Mai Tsarki kuma ke sa wanda aka ceta aiki, yana sabunta zuciya.

Dattijo:
'Yata, kin yi magana, ga Ibrahim ya raba mana gardama,
A Farawa 15 aka lasafta masa adalci don bangaskiya.
Sai a sura 22 ya ɗaure Ishaku bisa bagade,
Bulus na duban farkon, Yaƙub na duban na baya.
Ita ma Afisawa 2, kar ku tsaya a aya 9,
Ta 10 ta ce don kyawawan ayyuka aka yi mana sabuwar halittar gaskiya.

Mai Tambaya:
Na gode, Baba, amma saura guda ta dame ni,
Ga mai baftisma shekara 20, bai bar zalunci ba, ko ƙarya.
Shin ceton ya suɓuce masa, ko tun farko bai samu ba?
Yaya, ke ma ki sa baki, ina jiran ku biyun gaba ɗaya.