Cactus ya zama cacti, me ya hana virus ya zama viri?

Ummulkhairi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske kan jam'in kalmomin Turanci da aka aro daga Latin. A littattafan kimiyya ana rubuta fungus da fungi, nucleus da nuclei, cactus da cacti. Amma jam'in virus sai a ce viruses, na campus a ce campuses, genus kuwa ya koma genera. Alhali dukkansu da -us suka ƙare. Akwai ƙa'ida ne, ko kowace kalma sai an haddace ta? Sannan octopi daidai ne a matsayin jam'in octopus, dabbar tekun nan mai ƙafa takwas? Allah Ya saka da alheri.

Malam Sani:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ƙa'ida akwai ta, sai dai a cikin Latin ɗin take, ƙarshen kalma kaɗai ba zai nuna miki ita ba. Sunayen Latin sun kasu gida biyar, kowane gida da yadda yake yin jam'insa, kuma wannan -us tana fitowa a gidaje uku daga ciki. Nan ne tushen ruɗanin.

'Yan gida na biyu su ne waɗanda kika sani, -us ta koma -i: stimulus da stimuli, focus da foci, alumnus da alumni. Radius kan ba da radii mai i biyu, saboda i ta farko dama tana jikin saiwar kalmar, ta biyun ce kawai ta jam'i.

'Yan gida na uku su ne su genus da genera, corpus da corpora, opus da opera. Wannan r ba haka kawai ta faɗo ba. A tsohon Latin, s idan ta shiga tsakanin wasula biyu takan rikiɗa ta koma r, shi ya sa take zaune lafiya a ƙarshen tilo, amma da an ƙara mata wasali a baya sai ta canza.

'Yan gida na huɗu su suka fi ka da mutane: status, census, apparatus, prospectus, hiatus. A Latin rubutun tilo da na jam'i ɗaya ne, wasalin u ake ja wajen furta jam'in. Saboda haka stati ko prospecti ba Latin ba ne, ba Turanci ba ne. Statuses, censuses, prospectuses ake cewa.

Sauran salon ba su da rikici sosai. -a ta koma -ae, kamar larva da larvae, vertebra da vertebrae. -um ta koma -a, kamar bacterium da bacteria, stratum da strata. -ex ko -ix ta koma -ices, kamar vertex da vertices, matrix da matrices. -is ta koma -es, kamar crisis da crises, thesis da theses. Species da series 'yan gida na biyar ne, ba sa canzawa. Criterion da phenomenon kuma daga Girkanci suke, jam'insu criteria da phenomena.

Campus ɗan gida na biyu ne, a Latin campi ne jam'insa. Amma kalmar ta zauna da gindinta a bakin jama'a har Turanci ya saka mata nasa jam'in, kamar yadda mota ta zama motoci a bakinmu. Kalmomin da suka tsaya a hannun likitoci da masana lissafi su suka fi riƙe tsohon jam'i.

Baban Yusra:

Malam ya gama magana kan gidajen, bari in ɗauki virus da octopus.

Virus a Latin yana nufin dafi ko guba, abin da ba a ƙirga shi ɗaya, biyu, kuma ba a sami jam'insa a rubuce-rubucen Rumawan dā ba. Viri kuwa kalma ce mai zaman kanta, jam'in vir, ma'anarta mazaje. Virii da ake gani a intanet ta fi muni, domin sai an sami wata kalma virius kafin ta yiwu, kuma babu ita. Viruses ne kawai, ko na jiki ko na kwamfuta.

Octopus daga Girkanci yake: okto takwas, pous ƙafa. Wannan -us ɗin ɓangaren kalmar ƙafa ce, ba ɗafa-ƙeyar Latin ba, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma. In za a bi Girkanci octopodes ne, amma da wuya ki ji wani ya faɗe shi. Octopi ya daɗe a bakin mutane har wasu ƙamusoshi sun shigar da shi, duk da haka a rubutun ilimi ki tsaya kan octopuses. Platypus ma haka, platypuses. Dorina kuwa, hippopotamus, duk da asalinta Girkanci ne, Latin ya karɓe ta a gida na biyu, don haka hippopotami da hippopotamuses duk sun halatta.

Akwai kuma waɗanda tun asali ba sunaye tilo ba ne. Ignoramus aikatau ne, ma'anarsa "ba mu sani ba", a dā masu taya alƙali duba tuhuma a Ingila suke rubuta shi a bayan takarda idan hujja ba ta isa ba. Jam'insa ignoramuses. Omnibus yana nufin "domin kowa", sunan da aka raɗa wa keken doki na haya a Faransa, ya shiga Paris a 1828, Landan a 1829. Wutsiyarsa aka yanke aka sami bus, wato kalmar duk ɗafa-ƙeya ce zalla, babu saiwa ko kaɗan. Quorum ma'anarsa "daga cikinsu", ba za a ce quora ba.

Syllabus ya fi duka ban mamaki: kuskuren karanta wata kalmar Girkanci ne a wasiƙun Cicero, marubucin nan na Rumawan dā, aka buga shi a haka ya bi duniya. Syllabuses da syllabi duk ana karɓa. A 2011 kuma kamfanin Toyota ya sa jama'a suka kaɗa ƙuri'a kan jam'in motarsa Prius, aka zaɓi Prii, alhali a nahawun Latin priora ne.

Ummulkhairi:

Na gode ƙwarai, malamaina. To data fa? Tunda jam'in datum ce, ke nan "the data is" kuskure ne?

Maman Haidar:

A'a ƙanwata, ban yarda a kira shi kuskure ba. Agenda jam'in agendum ce, stamina jam'in stamen, amma yau ba mai musun cewa tilo ne, har agendas ake cewa. Data tana kan wannan hanyar. A harkar kwamfuta da maganar yau da kullum "data is" ya zauna daram, mujallun kimiyya da yawa kuma har yanzu "data are" suke so. Ki duba tsarin inda za ki kai rubutun, ki zaɓi ɗaya, kada ki cakuɗa su a takarda guda.

Inda ba a sassauta ba shi ne criteria, phenomena, bacteria da strata. "A criteria" ko "this phenomena" mai duba rubutu zai ja musu jan biro. Haka "I am an alumni": namiji alumnus ne, mace alumna, mata zalla alumnae, maza ko gauraye alumni. Wasu kuma kan juya baya su ƙirƙiro tilo daga jam'i, su ce vertice ko matrice, alhali vertex ne da matrix.

Ki kula da masu jam'i biyu, domin ma'anar kan rabu. Antennae na ƙwari ne, antennas na rediyo. Indices a lissafi, indexes a ƙarshen littafi. Media kafofin yaɗa labarai, mediums masu iƙirarin magana da matattu. Axes kuma rubutu ɗaya ne ga jam'in axe, gatari, da na axis, furuci ne ke raba su: a na axis ana jan wasalin ƙarshe, kamar a crises da theses.

Idan sabuwar kalma ta zo miki, fara buɗe ƙamus. In ya kawo jam'i biyu, na farkon shi aka fi amfani da shi galibi. In rubutun na wani fanni ne, bi abin da 'yan fannin ke rubutawa, likita vertebrae zai ce. In babu ƙamus a kusa kuma kalmar da -us ta ƙare, saka mata -es. Cactuses da funguses duk suna cikin ƙamus, stati da virii kuwa babu su.