Zuwa fadar Versailles daga Paris a wuni ɗaya, da dattijo mai ciwon gwiwa

Abba_Mubi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Paris. A watan Yuni in Allah ya kai mu zan raka Babanmu ganin likitan ido a can, kuma tsakanin gwaji da komawa asibiti muna da Lahadi, Litinin da Talata a hannu. Baba tsohon malamin tarihi ne, ya daɗe yana koyar da yarjejeniyar Versailles a sakandare, ya ce ba zai taka Faransa ya dawo bai ga zauren da aka sa hannun ba. Hujjarsa kuwa, a zauren nan aka fara yanke wa garinmu hukunci. Mubi tana hannun Jamus a da, yarjejeniyar 1919 ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka, aka kasa Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, muka faɗa rabon Ingila, har ƙuri'ar 1961 ta shigo da mu Najeriya.

To Baba ya haura saba'in, da sanda yake tafiya. Na sa ranar Litinin don ina ganin mutane za su tafi aiki, wurin zai yi sauƙi. Za a iya zuwa a dawo a wuni ɗaya? Jirgi ya fi ko tasi? Sallah da abinci fa?

Ɗan Damagaram:

Wa'alaikumussalam Malam Abba, Allah ya ba Baba lafiya. Da farko goge Litinin ɗin nan, fadar a rufe take kowace Litinin, lambu kawai za ku samu a buɗe. Ni Talata zan zaɓa muku, duk da ita ma ba ta rasa cunkoso, saboda ranar ce gidan tarihi na Louvre yake rufe, sai 'yan yawon buɗe ido su kwararo nan. Maganin abin sammako ne. Ka sayi tikiti tun kana gida a shafin fadar na intanet, ka zaɓi shigar ƙarfe 9, lokacin da ake buɗewa. Tikitin da sa'a yake zuwa, kar ka ce sai kun isa ƙofa. Ka ɗauki wanda suke kira Passeport, shi ya haɗa fada da lambu da Trianon, wato ƙananan fadojin da ke can cikin filin.

Wuni ɗaya ya isa, nisan bai wuce kilomita 20 ba. Jirgin ƙasa na RER C za ku shiga, daga Saint-Michel ko Invalides ko tashar da ke kusa da hasumiyar Eiffel, wajen minti 40, kuɗin bai kai yuro uku ba kowane mutum. Sai dai layin nan reshe-reshe ne, ba kowane jirgi ne naku ba. Ka dubi allo sai ka ga Versailles Château Rive Gauche, nan ce ƙarshen layin, ba yadda za a yi ku wuce. Garin yana da wasu tashoshi biyu, Chantiers da Rive Droite, amma sun fi nisa da fada. Daga Rive Gauche mai ƙafa lafiya minti goma ne, da Baba ka lissafa ashirin. Tasi zai ci muku kuɗi da yawa, ga cunkoson safiya. In za ka kashe kuɗin tasi, bar shi sai dawowa, lokacin da gwiwa ta fara magana.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, wurin nan ƙafa yake ci. Tun daga filin gaba da aka shimfiɗe da duwatsu masu tudu da kwari za ka gane, don haka ka riƙe hannun Baba a nan, kan sanda yana shigewa tsakanin duwatsun. Ɗakuna 2,300 ne a ginin, faɗin wurin baki ɗaya kuma ya kai hekta 800. Duk baƙon da na raka ya ce sai ya ga komai, kafin azahar ya daina kallon bango ya koma neman benci. Ku abu ɗaya ya kawo ku, ku tafi gare shi da sauran ƙarfinku. A ƙofa ka tambayi ma'aikata keken marasa lafiya, suna ba da aro, kuma su za su nuna muku na'urar hawa bene. Na san dattawanmu, zai ce shi ba gurgu ba ne. Ka lallashe shi.

Hanyar cikin fada ɗaya ce, jama'a na tura ka gaba kamar fita daga masallacin Idi. Za ku wuce ɗakin ibadar sarki da aka gama a 1710, sai jerin ɗakunan alfarma, kowanne da zane a rufinsa. Kar ku tsaya karanta kowane allo. Zauren madubai, inda aka sa hannun, yana gaba, tsawonsa mita 73, tagogi 17 suna kallon lambu, a ɗaya bangon kuma madubai 357 suna mayar da hasken. Yau madubi ba komai ba ne, amma a zamanin Sarki Louis na 14 mutanen Venice ta Italiya ne suka riƙe sirrin sana'ar, sai da ministansa Colbert ya yaudaro masu yin gilashi daga can. Wato bangon nan nuna isa ne tsantsa, a nan ake ratsawa da jakadun ƙasashe, irin na Siam (Thailand ta yau) a 1686, su ga abin da sarki ya mallaka kafin su kai gabansa.

Baba ya riga ya san ranar, 28 ga Yuni 1919, kuma ya san dalilin da ya sa Faransawa suka nace sai wannan zauren: a cikinsa Jamusawa suka yi shelar daularsu a Janairun 1871 bayan sun ci Faransa da yaƙi. Ramuwar gayya ce. Amma ka shirya masa zuciya, don ba zai tarar da teburi da alƙalami an jera ana jiransa ba. Zai ga fitilu masu lilo, da gwal, da ɗaruruwan mutane sun ɗaga waya. In kun shiga da ƙarfe 9 kuka miƙe ba tsayawa, za ku samu 'yan mintoci da zai tsaya a tsakiya ya kalli wurin a natse. A bayan bangon madubai ɗakin kwanan sarki yake, a tsakiyar ginin daidai, yana fuskantar gabas. Kowace safiya manyan fada sukan taru su kalli mutum yana tashi daga barci yana sa riga, kuma samun izinin shiga babban matsayi ne. Da haka ya tattaro masu sarauta ƙarƙashin idonsa tun da ya mayar da fada nan a 1682, kowa na neman a gan shi, ba mai sararin ƙulla tawaye a ƙauyensa.

Zuwa 11 kun fito. Daga nan ku hau ɗan jirgin nan mai tayar roba da ke zagaya lambu, ana biya daban, yana tsayawa a bakin dogon tafkin da ke bayan lambun da kuma Trianon. Kar ku gwada zuwa Trianon a ƙafa, ya kusa kilomita biyu, kuma sai 12 ake buɗe shi. Ni a ganina Grand Trianon ya fi babbar fadar daɗin zama, bene babu, jan marmara, iska na ratsawa, mutane kaɗan. Ƙauyen da aka gina wa sarauniya Marie Antoinette, mai rufin ciyawa da shanu da tumaki, wannan ku bar wa Turawa. Mutumin Mubi ba zai sha wahalar gwiwa don ganin bukka ba.

Sallah ba ta da matsala a Yuni, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, lokaci a yalwace yake. Ni a gefen tafkin nake samun gindin bishiya nesa da hanya in shimfiɗa darduma. Ku riƙe alwala ko ka sa gorar ruwa a jaka, amma ƙaramar jaka, ana bincike a ƙofa kuma ba sa barin manya.

Maman Ilham:

Sannu Abba, a gaida Baba da jiki. Ɗan Damagaram ya gama magana, sai dai ni ban yarda da Talata ba. Asabar da Lahadi ana sakin ruwan maɓuɓɓugan lambun da kiɗa a wannan lokacin na shekara, kuma wanda ya ga lambun ba ruwa rabi ya gani. Ruwan ma labari ne da Baba zai so. Wurin ba shi da kogi, sai da aka kafa wata ƙatuwar na'ura a Marly mai ƙafafun juyi 14 tana jawo ruwan kogin Seine, duk da haka bai isa ba, sai ma'aikata su riƙa buɗe famfo in sarki ya doso, su rufe in ya wuce. In za ku jure taro, ku je Lahadi.

Abinci kuma ku tafi da naku, burodi da ƙwai da dabino, ku ci a ciyawar bakin tafki, nan an yarda. Na cikin fada tsada ne, ga tambayar halal. Ranar Lahadi da Talata da safe kasuwar Notre-Dame ta cikin gari tana ci, akwai 'ya'yan itace masu kyau. Sannan ka sani gumaka tsirara sun cika lambun da zanen rufi. Mu da surukata muka je, kowa ya yi ta kallon takalminsa. Gara ka san da shi tun yanzu.

Malam Sani K/Mata:

Abba, tunda Baba malamin tarihi ne, in kun tsaya a zauren ka tuna masa cewa daga fadar nan Louis na 14 ya fitar da dokar bayi ta 1685, wadda ta tsara yadda za a mallaki baƙar fata a tsibiran da Faransa ke noman rake. Dukiyar ma ba duka ta kwana ba, a 1689 sarkin da kansa ya sa aka narke kayan azurfa na zauren don biyan kuɗin yaƙi. Shekara ɗari bayan haka, a Oktoban 1789, matan kasuwar Paris suka tako wannan hanyar da za ku bi a jirgi, a ƙafa, cikin ruwan sama, saboda tsadar burodi, washegari suka tasa Louis na 16 da iyalinsa gaba zuwa Paris. Ba sarkin da ya sake zama a gidan. A 1837 aka mai da shi gidan tarihi.

Abba_Mubi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka. Ya ce ruwa bai dame shi ba, ya ga Benuwai, Talata za mu. Maganar keke kuma ya ce sai ya ga wanda zai ɗora shi. Yaya Ɗan Damagaram, akwai mai yi mana bayani da Ingilishi a ciki? Ba mu jin Faransanci.

Ɗan Damagaram:

Fadar tana da manhaja kyauta, akwai Ingilishi a ciki da taswira. Ka sauke ta tun a masauki, ka zo da abin sa wa a kunne guda biyu da cajin waya. Ƙofar masu tikiti ita ce mai harafin A, a hannun hagu in kun shiga fili. Keken kuma kar ka yi masa musu a gida, bari ya taka duwatsun nan tukuna.