Fim yana cin amanar jarumin littafi? Muhawara a zauren matasan Daura

Aminu: Jama'a, daren jiya na sake kallon Spider-Man na 2002, kuma ina nan kan bakana: duk daraktan da ya sauya abin da ke littafin zane, ya ci amanar jarumin. A littafin 1962, Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, yaro ne mai kai, da hannunsa ya haɗa na'urar harba zaren, ya ɗaura a wuyan hannu. Sam Raimi, daraktan fim ɗin, ya zo ya ce daga jikinsa zaren ke fita. To ina basirar yaron?

Bilkisu: Yaya Aminu, gizo-gizo ne fa ya cije shi. Ka yarda cizo ya sa mutum hawa bango, amma zare ne ya tsaya maka a wuya?

Aminu: Ba ki gane ba. Na na'ura yana ƙarewa ana tsakiyar faɗa, dole ya nemo dabara. Nan daɗin yake.

Malam Lawal: Aminu, wanne kake kira asali? Superman na 1938 ba ya tashi sama, tsalle yake yi kamar fara. Tashin bai zauna ba sai bayan katun ɗinsa na 1941. Kryptonite, dutsen nan da ke kashe masa jiki, a wasan rediyo jama'a suka fara jinsa a 1943, littafi ya ɗauko daga baya. Harley Quinn kuwa, ta labarin Batman, a talabijin aka haife ta, 1992. Littafin da kake karewa shi ma aro yake yi.

Aminu: Allah ya gafarta Malam, ƙari daban, ragi daban.

Malam Lawal: To ga ragi. Batman na farko-farko yana riƙe bindiga, yana kisa. Masu littafin da kansu suka hana shi. A 1966 ɗan wasa Adam West ya mayar da shi abin dariya a talabijin, a 2008 darakta Christopher Nolan ya kawo shi fuska a murtuke. Wanne za ka rantse shi ne Batman?

Nura: Ni kakata idan tana ba mu labarin Bayajidda, ba ta ambaton Bagadaza ko sau ɗaya. Daga daren da baƙo ya sauka gidan tsohuwa ya nemi ruwa take farawa. Littafin makaranta kuma da nasa. Ba wanda ya ce ta ci amana.

Aminu: Nura, rijiyar Kusugu na nan, je ka leƙa. Wani ya yi fim ya ce kura Bayajidda ya kashe ba maciji ba, ka ga ko zai kwana a garin nan.

Bilkisu: Haka ne, amma ba kowane ragi ne kura ba. M'Baku na Black Panther, a littafi Man-Ape ake ce masa, mutum-biri ke nan, yana yawo cikin fatar goggon biri. Fim ɗin 2018 ya jefar da sunan. Baƙar fata ɗan Afirka fa, Yaya. Da ka so a bar shi?

Aminu: Wannan kam gara da aka cire.

Nura: An zo wurin!

Aminu: Ba a zo ko'ina ba. Zaren ban yafe ba. Ai su ma da suka sake fim ɗin a 2012, na'urar suka dawo da ita.