Bitil ɗin mahaifinmu tana ajiye tun 2009, ta ina zan fara tada ta?

Malamin firamare, Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san ƙarfe nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Volkswagen Beetle, Bitil ɗin nan mai inji a baya. Sabuwa ya saye ta a 1978 da bashin mota, irin waɗanda ake haɗawa a Legas. A cikinta ya kai ni makarantar kwana, a cikinta aka dawo da ƙannena uku gida daga asibitin haihuwa. Da ciwon ƙafa ya matsa masa a 2009 sai ya ajiye ta a gindin darbejiyar tsakar gida, ya lulluɓe ta da tamfol, bai ƙara tada ta ba har ya rasu bara.

Ga halin da take ciki. Tayoyi huɗun sun zauna, sun tsattsage. Babu batir, kuma da na ɗaga kujerar baya na tarar tsatsa ta cinye wurin zamansa, har ina hango ƙasa ta wani rami kamar faɗin tafin hannu. Ɓeraye sun yi gida a wajen inji, na kwashe tsummoki da ɓawon gyaɗa cikin roba guda. Birki in ka taka sai ƙafarka ta tafi har ƙasa. Gilasai da fitilu dai lafiya lau, ƙofofi na rufuwa da ƙararsu irin ta da.

Wata 6 da suka wuce na kira wani bakanike. Ya leƙa, ya ce kafireto ne, ya kwance shi zai je ya wanke, ya karɓi kuɗin mota. Ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Shi ya sa na ƙudura duk abin da hannuna zai iya, a gida zan yi shi. 'Yan gwangwan sun zo sau uku, sun taya naira 150,000, amma Hajiyarmu ko zancen ba ta son ji. Abin da zan iya warewa a albashi bai wuce 20,000 a wata ba. Wani abokina ya ce in nemo kafireto, in aro batir, a zuba fetur a tura ta, in ta tashi shi ke nan. In bi maganarsa?

Tsohon bakanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, kada ka kuskura ka tura motar nan. Injin da ya daɗe haka a tsaye, ringi ya manne da jikin silinda, kana fizgarsa da giya za ka karya abin da da sai ya saki da lallami. A kan Bitil na koyi aiki tun ina yaron gareji, don haka saurare ni.

Kwance fulogi huɗun, ka zuba baƙin mai gauraye da kalanzir kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi mako guda. Sai ka cire ta daga giya, ka kama fulin ƙasa, wato faifan da fanbel ke zagaye a ƙasan injin, da hannu biyu, ka gwada juya shi kaɗan dama, kaɗan hagu. In ya ƙi, ƙara mai, ƙara masa mako. Kafin nan ma ka ja fulin ka tura shi, gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, kana ganin motsin da ido, to sai an sauke injin. Hakan ma ba tashin hankali ba ne, kusoshi huɗu ne suka riƙe shi da giya, mutum biyu da jak sun isa.

Bakin da aka cire kafireto, in a buɗe yake, leƙa da tocila. Wata 6 ya ishi zanzaro ya yi gini a ciki. Ka kwashe tas, ka toshe da tsumma mai tsabta.

Ɓerayen nan su suka fi damuna. Motar nan ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska ce kaɗai ke sanyaya ta. Fanka na cikin wannan gwangwanin da ke tsaye bayan dinamo, tana hura iska ta bi tsakanin haƙarƙarin silinda. Abin da ka kwashe na waje ne, ainihin gidan yana ƙarƙashin gwangwanayen inda idonka bai kai ba. Sai ka kwance su ka share kowane lungu, musamman silinda ta 3, ta hagu can ciki. A irin tsofaffin nan, iskar da ke zuwa mata sai ta fara bi ta kan abin sanyaya baƙin mai, ta iso da ɗumi, shi ya sa bawul ɗinta ke fara ƙonewa. Kuma duk gwangwanin da ka cire ka mayar da shi, har robar da ta zagaye injin. Da idona na ga abokan sana'a suna jefar da su wai ba su da amfani, mota ta yi wata uku ta dawo inji ya buga. Bitil da yawa a ƙasar nan abin da ya kashe su ke nan, har yau abin na ci mini rai.

Baƙin mai lita 2.5 take sha, kuma ba ta da filta, sai wata rariya a ƙasa mai noti shida, ka wanke ta da kalanzir ka sa sabon gaskit. Bawul ana saita shi inji na sanyi, 0.15 na milimita. Kwantak, wato abin da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya sami wuta, tazararsa 0.4. Wayoyin fulogi suna bin 1-4-3-2. Rubuta waɗannan a bangon ɗaki.

Uwargida, Funtuwa:

Ƙanena, ni ban san inji ba, amma ka ce "ya bar mana". An raba gado? In ba a raba ba, motar nan akwai haƙƙin Hajiya da na duk 'yan uwanka a ciki, maza da mata. Yau da take zaune a kan tayoyin da suka mutu ba wanda zai kalle ta, amma ranar da ta sha fenti ta fito titi, magana za ta iya tasowa, ko ba daga su ba, daga mazajensu ko matansu. A gidanmu keken ɗinki ya raba zumunci shekara biyu. Ku zauna gaban malami ko dattijon gida, a yi mata kuɗi yadda take yanzu, a sa ta a rabonka ko su yafe maka, a rubuta, shaidu su sa hannu. Ka kuma bincika akwatin Baba ka nemo takardunta kafin ka kashe ko kwabo. Allah ya yi maka albarka da ka duba zuciyar mahaifiyarka.

Ɗan Ƙofar Ruwa, Kano:

Malam, ni kayan mota nake sayarwa, gara in faɗa maka gaskiya. A 20,000 a wata, tayoyi kaɗai za su cinye maka watanni, don masu inci 15 ne sirara, ba ko'ina ake samunsu ba. In motar zuwa aiki kake so, kuɗin ya fi maka amfani a kan babur. In kuwa don Baba ne, to ka ɗaura ɗamarar shekara biyu.

Kaya sun yi wuya amma ba su ƙare ba. An daina ƙera motar a Meziko a 2003, bayan an yi sama da miliyan 21, saboda haka har gobe ana yin sababbin kayanta a waje, sai dai kuɗin dala. Fulogi, kwantak, fanbel, robobin birki, waɗannan sabo za ka saya. Sauran kuwa ka zagaya kasuwar Fanteka ta Kaduna tunda ta fi kusa da kai, ko ka zo nan wajenmu, ka nemi tsofaffin 'yan kasuwa, su ke da irin wannan a ƙasan shago. Kafireton Solex ne, akwai lamba 30 akwai 34, ka auna bakin da zai zauna da tazarar kusoshinsa ka taho da awon. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka nemi wata matacciyar Bitil a hannun 'yan gwangwan kafin su sare ta, ka saye ta a kuɗin ƙarfe, ka riƙa cira a jikinta. In injin ya ƙi, na ga masu ɗora mata injin wata motar. Taka kuma kada ka bayar a 150,000, kuɗin kilo suka yi maka. Akwai masu neman irinta a Legas da Abuja don ajiya.

Direban haya mai ritaya, Gusau:

Abu guda zan ƙara, don ya faru a kaina. Tawa ta kama da wuta ina tafe a hanyar Ƙaura, sai da mai babur ya biyo ni yana ihu na waiga na ga hayaƙi. Tiyon fetur ne ya tsage yana ɗiga a kan inji mai zafi, kai kuma kana gaba ba ka jin wari. Da ƙasa muka kashe ta, wayoyi duk sun narke. Canza kowane tiyon fetur, daga ƙasan tanki a gaba har zuwa inji, ka ɗaure bakinsa da maɗauri na ƙarfe. Tankin ka sauke shi ka wanke, fetur ɗin da ya kwana a ciki ya zama danƙo. Kada mai walda ya taɓa ramin nan sai tanki na waje. Sabon batir kuma ka rufe kansa da roba, don in mai nauyi ya zauna a baya, ƙarafan kujera na iya sauka su haɗa shi. Birki kafin inji, Malam. Kuma kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, sa kututture mai kauri, bulo yana farfashewa.

Tsohon bakanike, Kaduna:

Maganar direba gaskiya ce. Amma zancen ɗora wani inji, ɗana, ban yarda ba. Sai an nema masa wurin lagireto, a yanka bodi, a ja tiyon ruwa, daga nan ka rabu da motar mahaifinka. Injinta ana gyara shi silinda ɗai-ɗai, a kan tabarma ma. Abu na ƙarshe: ranar da ta fara tafiya, in jar fitilar caji ta kama, tsaya nan take ka duba fanbel. Shi ke juya dinamo da fanka tare, in ya tsinke, mintuna kaɗan sun isa inji ya ƙone.

Malamin firamare, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, ranar Juma'a muka zauna gaban ƙanin mahaifinmu, aka yi mata kuɗi, aka sa ta a rabona, kowa ya sa hannu. Takardun na cikin akwatin Baba a naɗe cikin leda, lambar da ke jiki ta yi daidai da wadda na goge na gani a ƙarƙashin kujerar baya.

Baba bakanike, zanzaron na nan kamar yadda ka faɗa, gini biyu na fasa. Na zuba man kwana 9 da suka wuce. Jiya bayan la'asar na kama fulin, ya ƙi, na yi ta lallaɓa shi dama da hagu, can sai ya saki, ya zagaya sau ɗaya cur, har mai ya feso ta ramin fulogi ya ɓata mini riga. Hajiya na zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana kallo, ta juya fuska ta share ido da gefen mayafi. Gaba da baya kuwa ban ji ƙwas ɗin ba, motsin da kyar hannu ke jinsa.

Yanzu birki zan fuskanta. Na cire tayar baya ta hagu, amma babban notin tsakiya ya ƙi motsi, kuma babu sifana mai girmansa a cikin kayan Baba. Lamba nawa zan nema, kuma a ƙasa ake sassauta shi ko sai an ɗaga motar?