Ƙafar Hajiya ta fara damunta tun La'asar, a ƙara maganin ne?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Tana fama da ciwon nan na ƙafa mai hana zama wuri ɗaya. Da ta kwanta sai ta ce kamar kiyashi ke yawo cikin ƙaurinta, ba ta samun sa'ida sai ta miƙe ta yi ta zagaye tsakar gida. Likita ya ɗora ta a kan pramipexole, kuma da farko mun ga aiki, tana barci har asuba. Bana kuwa abin ya juya. Da can sai bayan Isha'i yake taso mata, yanzu tun La'asar take fara shure-shure, ran nan har hannu na ga tana yarfewa. An ƙara mata ƙwayar, ta ɗan lafa, ya sake dawowa. Ƙanena ya ce a kuma ƙarawa. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Wani maƙwabcinmu direba tramadol yake sha, ya ce yana kwantar masa da ƙafar. Ko za ku gwada?

Anti Nas:
Amin. Baban Ummi, don Allah a bar maganar tramadol. Yana lafar da ƙafar na ɗan lokaci, amma jiki na sabawa da shi, kuma duk wanda ya ga mai ƙoƙarin barin sa ya san ƙafa ce ke fara hana shi barci. Ga tsohuwa kuma akwai jiri da faɗuwa, wani lokaci har farfaɗiya.

Maman Sadiq, abin da kika lissafa sananne ne. Pramipexole da ropinirole da wanda ake mannawa a fata, rotigotine, duk gida ɗaya ne, suna kwaikwayon aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Idan aka daɗe ana sha, maganin da kansa kan rura ciwon. Alamominsa ke nan: ciwon ya riƙa zuwa da wuri fiye da da, ya haura hannu ko gadon baya, mutum ya kasa zaman da a baya yake iyawa, kuma duk ƙarin da aka yi sauƙinsa ba ya jimawa. Ƙarawa na ƙara dagula lamarin. Shi ya sa a 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sauya ƙa'idarta, ta ce kada waɗannan su zama na farko da za a ba mara lafiya, alhali shekaru da dama su ne a sahun gaba.

Maman Sadiq:
Innalillahi. To Anti mu ɗauke mata shi daga yau?

Anti Nas:
A'a, kada ku kuskura. Yanke shi farat ɗaya kan jawo darare babu runtsawa, da ƙunci da fargaba mai tsanani. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, galibi bayan an fara wani maganin na daban. Aikin likita ne, wanda ya fi dacewa kuwa likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ana samunsu a asibitocin koyarwa. Yau dai ta sha yadda ta saba.

Hajiya Babba:
Ni akwai abin da nake so a sani, don babu wanda ya gaya mana shi sai da muka ɗanɗana. Ɗan yayata ropinirole aka ba shi. Mutum ne mai kamun kai, ko karta bai taɓa riƙewa ba. Sai ga shi ya faɗa cacar ƙwallo a waya, dare da rana, har jarin shagonsa ya taɓa. Matarsa ta yi yaji, aka yi ta cewa sammu ne, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Wata likita ce da ta ji labarin ta tambayi magungunan da yake sha. Da aka janye masa a hankali, sha'awar cacar ta tafi. Ya yi kuka ranar da ya gane. A wasu ba caca ba ce, sayayya ce ba kai ba gindi, ko cin abinci tsakar dare, ko sha'awa da ta wuce misali, kuma kunya ba ta barin su faɗa. Ku lura da Hajiya, ku tambaye ta cikin ladabi.

Maman Sadiq:
Hajiya kin tuna mini. Kwanan nan duk dillaliyar da ta shigo sai mahaifiyata ta ɗauki atamfa, tana tarawa a sif ba ta ɗinkawa. Mun ɗauka halin tsufa ne.

Malam Famasis:
Wannan ma a faɗa wa likita, kada a raina shi. Sai kuma tambayata: an taɓa auna mata feritin? Shi ne gwajin da ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, daban yake da gwajin yawan jini da ake yi a ko'ina. Mutum na iya samun jininsa cif amma ajiyar ta yi ƙasa, kuma ƙarancin ƙarfe a ƙwaƙwalwa na daga cikin tushen wannan ciwo. Ga inda ake tuntuɓe: takardar gwaji za ta nuna 30 ko 40 ta ce lafiya lau, amma ga mai wannan ciwon, 75 ko ƙasa da haka ana ba da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. A je da safe kafin karin kumallo. Kada a auna lokacin zazzaɓi, domin zazzaɓi na ɗaga lambar ta yi kamar komai daidai.

Illar maganin ƙarin jinin ba ɓoyayya ba ce: taurin bayan gida, ƙwarnafi, bahaya ya yi baƙi. Shan ƙwaya ɗaya yau a tsallake gobe ya fi sauƙi ga ciki, kuma jiki na tsotsa da kyau. A sha da lemon zaƙi, a nisanta shi da shayi da madara. Sai an yi kamar wata 3 kafin a sake aunawa. Idan ciki ya ƙi karɓa akwai na ƙarin ruwa a asibiti. Amma mai sikila da ake yawan ƙara wa jini, ko duk wanda bai yi gwaji ba, kada ya saya ya hau sha, ƙarfen na taruwa a hanta.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni pregabalin nake sha, likita ya ba ni bayan gabapentin ya riƙa sa ni gyangyaɗi a kan babur. Ƙafata ta natsu, har huɗubar Juma'a ina zama a gama ba na tashi. Sai dai na yi ƙiba, idon sawuna na kumbura da yamma, takalmi ya matse. Duk da haka ban yi da-na-sani ba.

Anti Nas:
Pregabalin da gabapentin su ne ake fara bayarwa yanzu, don ba sa rura ciwon kamar su pramipexole. Amma ga mai shekaru sai an bi a hankali. Ta ƙoda suke fita, don haka a auna ƙodar Hajiya tukuna, a fara da ɗan kaɗan da dare. Tsohuwar da ke tashi nafila, ta nufi bayi cikin duhu da buta a hannu ga jiri, karayar ƙugu ba ta da nisa. A bar mata fitila, wani ya kwana kusa da ita makonnin farko. Kada kuma a haɗa su da tramadol ko kodin ko maganin barci, suna danne numfashi.

Amaryar Zariya:
Ni cikina wata 8, nawa ya taso da ƙarfi. Na sha Piriton don in samu barci, daren nan ban ga runtsawa ba.

Malam Famasis:
Haka yake yi, Amarya. Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton da promethazine, da maganin amai metoclopramide, da wasu na damuwa kamar amitriptyline, duk suna tayar da ƙafar. Ke naki na ciki ne, yawanci yana tafiya cikin makonni bayan haihuwa. Kada ki taɓa magungunan da muka ambata a sama. Ki faɗa a wurin awo a duba miki feritin, ki rage shayi da Nescafe da yamma.

Baban Ummi:
Na gode da gyara. Goro fa? Na san tsofaffinmu ba sa rabuwa da shi.

Malam Famasis:
Shi ma yana da abin da ke cikin shayi mai hana barci. Idan ba za ta iya bari ba, ta tsaya a na safe.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na zazzage ledar magungunanta, akwai amitriptyline da aka ba ta saboda ciwon baya, a wani asibitin daban. Shi ma in bari tana sha har mu ga likita?

Anti Nas:
Eh, shi ma ba a yanke shi kwatsam. Ki tafi da ledar gaba ɗaya, har na gargajiya da na kemis. Kafin ranar, ki riƙa rubuta ƙarfe nawa ƙafar ke fara damunta kullum, da ko hannu ya shiga, sannan ki ambaci maganar atamfar ko da Hajiya ta harare ki.