Gonarmu ta gado tana komawa fako, me zan yi kafin damina?

Manomin Baure:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Gonar da mahaifinmu ya bar mana a ƙasar Baure, kusa da iyakar Nijar, tun ina yaro dami sittin muke ɗaurewa a cikinta. Bara ashirin da uku muka samu. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, sai ya ɗauke kusan sati uku, geron ya ƙone tun yana kunnen kura. Sau biyu na sake shuka. Gefen gabas kuma ya zama fako, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya gudu yake ya bar wurin a bushe. Mutum goma sha ɗaya ke ci daga rumbun nan, hatsinmu ya ƙare tun kafin azumi, kuma ba ni da kuɗin buhun taki. Wanda ya taɓa farfaɗo da irin wannan gona ya taimaka mini.

Dattijo daga Maraɗi:
Wa alaikumus salam ɗana. Tambaya ɗaya: in kun zo sharar gona, me kuke yi da tohon sabara da kalgo da gawo? Na san amsar, sarewa kuke ku ƙone, don mu ma haka muka tashi muna yi. Bayan yunwar 1984 ne mutanenmu suka karɓi abin da muke kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta yaɗawa a nan yankin Maraɗi. Ba dashe ba ne. Kututturen da kake gani da ransa, saiwarsa na can ƙasa. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi, ka sassabe sauran, ka bar waɗannan su tashi. Haka kawai. Da wannan aka mai da itatuwa a hekta wajen miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Gawo kuwa kada ka kuskura ka taɓa shi. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa su bar maka taki. Je ka duba hatsin gindin gawo a kowace gona, zangarniyarsa daban take. Kuma itacen nan ne ke tare iskar farkon damina da ke binne ƙaramar shuka da rairayi. Sai dai ka yi haƙuri, ɗana, shekara uku zuwa huɗu kafin ka ga canji sosai.

Ɗan Tawa:
Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma iyalinka bana za su ci. Fakon nan ka yi masa tassa. Yanzu da rani ka haƙa ramuka, faɗin taƙi ɗaya na hannu, zurfin kamar santimita 15, taku ɗaya tsakaninsu. Ƙasar da ka fitar ka tara ta gefen gangare don ta tare ruwa. Kowane rami ka zuba tafi biyu na takin gida. Gara za ta zo ta huda ƙasan, ruwa ya samu hanyar shiga, ramin ya riƙe laima ko an yi kwanaki ba ruwa. Manoman Illela ta nan yankin Tawa a Nijar daga Burkina Faso suka koyo ta, ƙasar marigayi Yacouba Sawadogo, manomin da ya yi suna da ita, can "zai" suke ce mata. Aiki ne mai karya baya, kada ka ɗauki gonar duka, ka gayyaci matasa ku fara da ɓangare guda. Kuma a fako kaɗai, a jigawa ramin rushewa yake.

Malamar gona, Kano:
Malam, ka duba irinka ma. Geron SOSAT yana nuna cikin kusan kwana 90, amma ka shawo kan maƙwabta ku shuka tare, in kai kaɗai ne tsuntsaye za su tare a gonarka. Kada ka yar da irin gida, ka raba gonar biyu. Ka sa layin wake tsakani, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma kuɗi ce. Ruwan farko ba na shuka ba ne sai laima ta sauka sosai, kuma NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana karanta shi a rediyo. Waken kuma ka adana a buhun PICS mai ruɓi uku, ƙwari suna mutuwa ciki don rashin iska, ba sai ka sa magani ba.

Manomin Baure:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Jiya na zagaya gonar, na ƙirga kututture arba'in da ɗaya masu toho, huɗu gawo ne. Tassa za mu fara ranar Asabar ni da ƙannena. Baba, abu ɗaya ke damuna: in rassan suka tashi, masu neman itacen girki da dare za su sare su. Ku a can yaya kuka yi da wannan, mai gari kuka sa a ciki ko kowa gonarsa yake tsarewa?