Neman shawara: in sayi na'urar haƙar Bitcoin in sa a gida?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan harka ta haƙar Bitcoin da hannunsu, wato kunna na'ura ta yi ta lissafi ana biyanka da kuɗin intanet na Bitcoin. Na tara naira miliyan 2 daga sana'ar gyaran waya, kuma an yi mini tayin na'urar Antminer S19 Pro ta hannu a kan naira miliyan 1 da dubu 200. Gidanmu a Kano yana kan layin Band A, wato rukunin wutar lantarki mafi tsada, ina kuma da sola mai inbata 5kVA da batura huɗu. Shin solar za ta riƙe na'urar idan an ɗauke wuta? Ɗakin da zan sa ta yana manne da na mahaifiyata.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ka rabu da Bitcoin, ka haɗa kwamfuta da katunan hoto (na'urorin sarrafa hoto na kwamfuta) guda shida ka haƙi Ethereum, wani kuɗin intanet irin Bitcoin, domin ta nan mutane suka yi kuɗi.

Malama Ummu Aisha: Malam, an daina haƙar Ethereum tun watan Satumba na 2022, lokacin da suka sauya tsarinsu. Masu waɗannan katunan sun daɗe da sayar wa masu wasan kwamfuta.

Alhaji Mai Taya: Ƙanena, ka zauna ka ji. Irin wannan na'urar na sayo guda biyu a 2023 ta hannun wani dillali da ya rantse mini cewa cikin wata takwas zan mayar da uwar kuɗina. Daren da na kunna su, maƙwabcina ya aiko a tambaye ni ko injin markaɗe na kafa, saboda fankokinsu ba sa yin shiru dare da rana, kuma ko ka rufe ƙofa ƙarar tana ratsa bango. Da hunturu ya shigo, ƙura ta toshe su, kullum sai an hure. Da bazara ta zo, ɗakin ya zama ba ya shiguwa, suna kashe kansu da tsakar rana saboda zafi, domin an ƙera su ne su yi aiki a wurin da bai wuce digiri 40 ba. Sai ga watan Afrilu na 2024, wanda a cikinsa aka raba ladan da tsarin Bitcoin ke ba masu haƙa biyu, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125, a cikinsa kuma aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit. Abin da ke shigowa ya ragu da rabi, abin da ke fita ya ninka fiye da sau uku. Ana cikin haka aka kawo wuta da ƙarfi wani dare, allon ɗaya ya ƙone, na yi ta yawo da shi ban sami mai gyara ba, dillalin kuma ya daina ɗaga wayata. Har yau suna ƙarƙashin gado.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma miliyan 1 da dubu 200 cuta ce, ni an yi mini tayinta a dubu 650 a Legas.

Abu Sadik: Ta dubu 650 wadda aka sha gyara ce. Mai lafiya, idan ka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan daga Sin, ba za ta zo maka ƙasa da miliyan 1 da rabi ba.

Alhaji Mai Taya: Ni zan ba da tawa mai aikin a dubu 400, mai so ya zo da mota.

Injiniya: Farashin na'urar ba shi ne matsalar ba, ku duba abin da take ci. S19 Pro tana jan wat 3,250, wato yunit 78 a kowace rana idan ba ta tsaya ba. A kan naira 209 da ɗoriya da aka koma biya a Band A daga baya, kuɗin wuta kaɗai ya haura naira dubu 16 a rana, kusan dubu 490 a wata, alhali abin da take samarwa tun bayan raba ladan haƙa a 2024 bai cika wuce dala biyar zuwa shida a rana ba. Inbatarka za ta iya tayar da ita, amma batura huɗu ba za su kai ta ko'ina ba, cikin sa'o'i biyu zuwa uku za ta zuƙe su. Shi ya sa manyan masu haƙa suka nufi irin su Habasha, inda wutar madatsar ruwa take da araha.

Abu Sadik: Ranka ya daɗe, ka taɓa mallakar na'urar ko lissafin takarda ne? A bar waɗanda suka zuba kuɗinsu su yi magana.

Injiniya: Wanda ya zuba kuɗinsa ya riga ya yi magana, kuma nasa suna ƙarƙashin gado.

Abu Sadik: Alhaji bai sa sitabilaiza ba, bai kuma yi wa ɗakin mafitar iska ba, saboda haka labarinsa ba hujja ba ne a kan kowa. Wanda ya riƙe abin da ya haƙa har farashi ya tashi bai yi asara ba.

Malama Ummu Aisha: In dai jiran tashin farashi ne ribar, ai sayen Bitcoin ɗin kai tsaye ya fi sauƙi, kuma Hajiya za ta sami barci.

Ɗan Autan Zaure: Ni dai na yi tawa haƙar da babban yatsa a Hamster, wasan nan na danna waya da aka ce za a biya mutane da kuɗin intanet, na danna waya har ta tsage, abin da aka ba ni bai sayi kwanon shinkafa ba. Aƙalla mita ba ta san na yi ba.

Baban Khalifa: Na gode. Idan da rana kawai zan riƙa kunna ta da hasken sola fa?

Alhaji Mai Taya: Wai ma wane Band A ake magana? An ce sa'o'i 20 za a riƙa ba mu a rana, amma a layinmu akwai makon da ba ma ganin rabin haka, kuma kuɗin yunit bai ragu da ko sisi ba.

Ɗan Sabon Gari: Ku da kuke da mita ma kun ji daɗi. Mu takardar ƙiyasi ake kawo mana, ko an sha wuta ko ba a sha ba.

Malama Ummu Aisha: Mu taransifomarmu ce ta lalace, aka yanka wa kowane gida dubu 15, muka haɗa muka gyara da kuɗinmu, sannan aka zo aka ce kayan kamfani ne. Yanzu an sake zagayowa da takardar karo-karo ta sayen mai da za a zuba mata. Akwai wanda ya san inda ake kai ƙara a saurare shi?